Gubar da ke shiga garka ta bayan gida

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun ga agwaginsu suna ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa, don annobar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce. Sai abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, daga nan sai makabarta. An yi ta zargin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, ana ba da magani ba ya ci. A watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka auna jinin yaran, sakamako ya nuna gubar dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Bagega da maƙwabtansu.

Zinariya ce ta jawo. Farashinta ya tashi a duniya, manoma suka shiga haƙa, ga shi kuma dutsen da ke ɗauke da ita a wannan yanki cike yake da dalma, dangin dutsen nan da ake niƙawa a yi kwalli. Sai aka riƙa kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wasu wuraren an samu dalma fiye da miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin don filin wasan yara 400 ne.

Mai garka a Birnin Konni zai ce, to ina ruwan albasata da wannan? Da ruwanta. Tsakaninmu da Sakkwato da Zamfara iyaka ce kawai ta takarda: kasuwa ɗaya, dangi ɗaya. Samarin Adar da Konni kuwa tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 suke tafiya haƙa can da Cibarakaten, wasu Komabangu, su dawo da tufafi da buhuna da kayan aiki. Sannan arzikin yankin a ƙasa yake. Ga fadamar Konni mai fiye da hekta 2,400, wadda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa daga ruwan Maggiya, ga albasar Galmi da ake lodinta har Abijan da Akra, ga kuma masana'antar siminti ta Malbaza da ke cin dutsen yankin tun shekarun 1960. Inda haƙar ƙasa da noman lambu suka zama maƙwabta, dole a san yadda ɗaya ke shiga ɗaya.

Ƙarafa masu guba irin su dalma, kadmiyom da zaiba ba sa ruɓewa. Maganin ƙwari yakan lalace da rana da ruwa bayan watanni ko shekaru, amma ƙarfe yana nan a inda ya faɗi, yawanci a ƙasar sama, daidai inda hauya ke kaiwa, sai dai in an kwashe shi. Kuma halinsu ya sha bamban. Dalma tana manne wa ƙasa, saiwa ba ta cika janta zuwa sama ba, wadda ta shiga ma takan tsaya a saiwar. Shi ya sa tumatir da tattasai da yalo suka fi zama lafiya, karas da dankali na tsakiya. Kadmiyom shi ne mai hawa. Tsiro yana ɗaukarsa kamar yadda yake ɗaukar zinki, ya tara shi a ganye, don haka salati, alayyafo da kabeji suka fi kwasarsa. A Japan, ruwan mahaƙar Kamioka ya gangara kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, mata suka yi shekaru ƙasusuwansu na karyewa, ƙodarsu na lalacewa, kafin gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyom ne.

A nan ƙasar Malbaza tana da wata sa'a. Dutsen farar ƙasa da jifsum da ake haƙa ba duwatsun dalma ba ne, kuma ƙasa mai farar ƙasa a cikinta tana ɗaure waɗannan ƙarafa ta hana su narkewa su bi saiwa. Ƙasa mai tsami da rairayi marar taki ita ce ke sakinsu. Wannan bai wanke ƙurar siminti ba. Tana toshe ganye, tana cutar huhu, kuma hayaƙin murhun siminti a ko'ina yakan fito da ɗan ƙarfe gwargwadon dutse da gawayin da aka ƙona. Amma wanda ya ɗora duk tsoronsa a kan bututun masana'anta, ya bar ƙofar gidansa a buɗe.

Darasin Zamfara ke nan da ba a cika faɗa ba. Da masu bincike suka bi diddigin abinci, sun tarar da yawancin dalmar da ke cikin gero da dawa ba daga gona ta taso ba. Bayan girbi ta shiga: wajen sussuka, wajen shanya a ƙasa, wajen daka da niƙa a gidajen da ƙurar ta riga ta cika. Yanzu a tuna yadda muke yi da kayan garka. Ana kirɓa lawashi a dunƙula gabu a baza a ƙasa ya bushe. Ana yanka tumatir a shanya kauɗa a bakin hanya. Kuɓewa, zogale, yakuwa, duk rana da iska ke busar da su. Ganyen da ya fito da tsabta daga fangali yana iya kwasar gubarsa a tsakar gida, kuma busasshen ganye ba a cika wanke shi ba kafin ya shiga miya.

Akwai kuma takin bola. Mai garka na murnar samun amalanken shara daga gari, to amma sharar yau ba ta da ba ce. Akwai matattun batura a ciki, da tokar leda da wayoyi, da ɓawon fenti. Batirin mota da na hasken rana kusan rabinsa ko fiye dalma ce. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, fasa tsofaffin batura da tace ƙasar wurin ya kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008, ba tare da mahaƙa ko ɗaya a kusa ba. A Kano kuma an daɗe ana samun ƙarafa a lambunan da ake ba ruwan Jakara da Chalawa, inda masana'antun jima ke zubar da dagwalonsu.

Mugun abin shi ne ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Salati mai kadmiyom yana nan kore shar. Dafuwa ba ta kashe ƙarfe. Yaro kuma ya fi babba shan wahala, don hanjinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, balle in yana da ƙarancin jini ko cikinsa ba komai. Mutuwa irin ta Bagega ita ce ƙarshen ma'auni. Ƙasa da ita akwai yaron da ba ya riƙe karatu, a ce masa daƙiƙi, ba wanda zai tuna da turmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye, kuma tun 2021 ta ba da shawarar a nemo tushen gubar da zarar an ga mikirogiram 5 a kowane desilita.

Gyara kuwa tsada gare shi. A Zamfara sai da aka kankare ƙasar sama gida-gida, aka binne ta a ramuka, aka zubo sabuwa, domin ba a ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayyar Najeriya ta saki kuɗin, bayan matsin lamba daga matasa irin su Hamzat Lawal. Shekara biyu bayan haka, a 2015, abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

A ganina ƙungiyoyin manoman Konni da Galmi su ya kamata su fara neman awo, kada su jira wani ya zo ya auna musu. Cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'ar Tawa ba nesa suke ba. A ɗebi ƙasa daga garkunan da ke kusa da masana'anta da babbar hanya, da waɗanda ake zuba wa takin bola, a haɗa da gabu da kauɗa daga kasuwa. Ma'aunin cinikin abinci na duniya a fili yake: dalma kada ta wuce miligiram 0.3 a kilon ganye, 0.1 a kilon albasa. Kafin nan, wanda ya dawo daga mahaƙa ya wanke jiki da tufafi kafin ya ɗauki yaro, dutsen zinariya kada ya shiga gida ko injin niƙa, shanya ta hau tabarma ko rumfa, a tsince batura daga taki, a yar da ganyen waje na salati da kabeji, a wanke sauran da ruwa mai yawa.