Ɗalibin Digiri Na Uku Da Mai Duba Aikinsa: Yaushe Ya Kamata A Sauya?

Tun da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, malaman makarantu da ma'aikatan Gwamnati daga Gusau, da Mada, da Tsafe, da Bunguɗu suke kama hanyar Sakkwato, wasu kuma ta Zariya, domin neman digiri na uku, watau na Dakta. Ko bayan da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ba a daina wannan zirga-zirga ba.

Shi wannan karatu kusan dukkansa ya rataya ne a wuyan mutum guda, watau malamin da sashe ya naɗa ya duba aikin ɗalibi. In bai sa hannu ba, ba a gabatar da babi a gaban malaman sashe, balle a kai ga kiran mai jarrabawa daga wata jami'a. To, malamin nan yana iya tafiya hutun shekara guda, ko a ba shi muƙamin Gwamnati, ko ya cika shekara 70 ya yi ritaya, ko kuwa ɗalibai su yi masa yawa. Ga kuma yajin aiki, irin na ƙungiyar ASUU a 2022 wanda ya ci wata 8. Shi kuwa ma'aikaci hutun karatunsa ƙayyadadde ne, haka ma kuɗin asusun TETFund ga wanda ya samu. In lokaci ya ƙare ba digiri, sai ya koma ofis hannu rabbana, ƙarin girma kuma ya wuce shi.

Amma wajibi ne ɗalibi ya bambanta malami mai tsanani da malamin da ba ya samuwa. Wanda yake maido da babi cike da jan biro, aikinsa yake yi, kuma gudunsa asara ce. Wanda babi zai yi wata da watanni a teburinsa ba amsa, shi ne abin damuwa.

Ko a nan ma akwai matakai. Da farko ɗalibi ya riƙa rubuta ranar da ya miƙa kowane babi da ranar da aka maido masa. Sa'an nan ya samu malamin cikin ladabi su tsai da lokutan ganawa, ya kuma nemi taimakon mai dubawa na biyu. In abin ya faskara, sai ya rubuta takarda ga Shugaban Sashe ta hannun jami'i mai kula da manyan digiri, ya kawo ranaku da hujjoji, ban da zargi ko ɓatanci. Kwamitin sashe ne zai duba, ya miƙa wa Makarantar Manyan Digiri ta tabbatar. Sai dai ya sani sabon malami yana iya cewa a sake tsarin binciken, don haka sauyi tun da wuri ya fi sauƙi.

Sauya malami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, yana ambaton kowannensu da girmamawa. Ɗalibin yau ma gara ya rabu da tsohon malaminsa da sallama da godiya, domin mai yiwuwa ne ranar kare kundi ya tarar da shi zaune cikin zauren.