Ruwa Garau Ba Shaidar Lafiyar Kifi Ba Ne

Akwai wata magana da ta kama bakin masu kiwon kifi, daga Dogo-Dogo da Dungas har Magarya: wai in ruwa ya yi garau, ba wari, ba kumfa, to kifi na cikin lafiya, sayen kayan awon ruwa kuma ɓarnar kuɗi ce. Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja. Masuntan tafkunan Korama sun gaji sana'ar kaka da kakanni ba tare da kwalbar gwaji ba, kuma idonsu na gane ruwan da ya lalace tun daga nesa. Gani ya kori ji, in ji su. Ina girmama wannan sani. Amma an ɗauko shi daga tafki an ɗora wa kwamin siminti da na tamfol, alhali wuraren biyu ba hali ɗaya gare su ba.

A tafki kifi kaɗan ne cikin ruwa mai yawa, ga laka da ciyawa na cinye ƙazantarsa. A kwami kuwa ana cusa tarwaɗa ɗaruruwa cikin ɗan wuri, ana zuba musu abinci mai ƙarfi safe da yamma. Abin da ke fita daga jikinsu bayan sun ci shi ne amoniya, ita kuma ba ta da launi. Tana iya kaiwa matakin kisa ruwan na nan fes, mutum na hango ƙasan kwami. Haka nitirit, wanda ƙwayoyin halitta ke juya amoniya zuwa gare shi: yana shiga jinin kifi ya mai da shi ruwan ƙasa, jinin ya kasa ɗaukar oksijin. Kafin mai kwami ya ga kifi sun ƙi abinci suna tsaye a saman ruwa, ɓarna ta riga ta yi nisa.

A yankinmu akwai ƙarin dalili, wato kanwa. Rijiyoyi da tafkuna da dama a ƙasar Damagaram ruwansu na da zartsi, kuma kanwa na ɗaga awon da ake kira pH. Wannan awo, tare da zafi, shi ke yanke yawan amoniyar da ke zama dafi. A zafin digiri 30, in pH na kan 7, abin da ke cutarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na amoniyar ba. A kan 8 ya haura kashi 7. A kan 9 ya kusa rabi. Ke nan maƙwabta biyu na iya auna miligiram 2 na amoniya a lita kowannensu, kifin ɗaya su kwana lafiya, na ɗayan a wayi gari ana kwashe su da kwando. Ido ba ya raba waɗannan ruwa biyu. Kuma wanda ya ga kifinsa sun yi laushi ya watsa musu kanwa ko farar ƙasa da niyyar magani, ya ƙara wa dafin kaifi ne.

Wasu za su ce ai ruwan burtsatse suke sawa, wanda mutane ma ke sha. Amma ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yakan zo da ƙarancin oksijin, shi ya sa ake so ya zubo daga sama yana fantsama kafin ya shiga kwami. Ko ruwan da ya ƙoshi da iska, a digiri 30 abin da yake riƙewa bai wuce kimanin miligiram 7.5 a lita ba, alhali a digiri 20 yana haura 9. Tarwaɗa na da gatan leƙowa ta shaƙi iska. Karfasa ba ta da shi, shi ya sa a bazara mutuwarta ta fi zuwa da asuba, lokacin da oksijin ya fi ƙasa.

Masu ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka sun isa misali. Babu ruwan da ya kai nasu haske, kuma babu mai yawan awo kamarsu: gishirin sai ya tsaya kusa da giram 35 a lita kamar na teku, suna bin pH da amoniya da nitirit a kai a kai. Da haske shaida ne, da su ne farkon masu watsar da kwalaben gwaji.

Sai dai akwai wani kuskure da ke bin bayan na farko. Mutum ya yarda zai auna, sai ya sayi ɗan alƙalamin nan mai batir da aka rubuta wa TDS, ya tsoma, ya ga lamba, hankalinsa ya kwanta. Wannan na'ura jimillar gishirin da ya narke take kintatawa ta hanyar yadda lantarki ke ratsa ruwan. Tana da amfani wajen gane rijiya mai zartsi kafin a gina kwami a gefenta. Amma miligiram 2 na amoniya ɓacewa yake cikin lambar da ke nuna ɗaruruwa, kuma ba ta cewa komai game da oksijin.

In aljihu bai da nauyi, a fara da kwalaben ɗigo na amoniya da na pH, a haɗa da ma'aunin zafi, na nitirit ya biyo baya. Ana ɗebo ruwa a ɗan bututun gilashi har layin da aka zana, a ɗiga adadin da takarda ta ce, a girgiza, a jira mintunan da aka ƙayyade, sannan a gwada launin da katin a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Tsinken takarda da ake tsomawa ya fi araha, amma zafi da laima na lalata shi da wuri da zarar an buɗe gwangwanin. Alƙalamin pH kuma sai ana daidaita shi da ruwan gwajinsa, bakinsa na jiƙe kullum, abin da iskar hunturu ba ta bari cikin sauƙi. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba kafin a biya, domin kaya kan daɗe a shago kafin su iso hannun mai kiwo a Dogo-Dogo. Masu kiwo uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya.

Ido na da wurinsa, ban kore shi ba. A kududdufin ƙasa da ake kiwon karfasa, ɗan koren ruwa abinci ne, kuma tsoma hannu har gwiwar hannu a ga ko tafin ya ɓace awo ne mai kyau na kaurin gansakuka. Iyakarsa ke nan. In kwalba ta nuna amoniya ta hau, a dakatar da abinci na yini guda, a sauya wani ɓangare na ruwan, washegari da sassafe a sake aunawa.