Kafin ka sayi dainoson roba, fara duba hannunsa

Idan ka taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ranar hawan Sallah, ka san yadda masu kayan wasan yara ke baje hajarsu: bindigar ruwa, balan-balan, usur, tabarau, motoci. A cikin kayan ba ka rasa wata leda cike da ƙananan dabbobin roba masu wangame baki, haƙora cako-cako. Wani yaro ya ce dodo ne, wani ya ce kada, wanda ya kalli fim ya ce dainoso.

A Sallar da ta wuce ƙanena ya zuba kuɗin barka da Sallarsa a kan irin wannan leda. Kafin La'asar ƙafar ɗaya ta ɓalle, fentin wani kuma ya koma tafin hannunsa. Da dare ya jera su a tabarma yana tambayata sunan kowanne. Ni da nake kwana ina latsa waya, T. rex kaɗai na iya faɗa. Kunyar ranar ce ta sa na zauna na yi karatu, abin da na samo kuwa ya shafe ka, musamman idan kai ɗan Daura ne, ko Mai'adua, Zango, Sandamu ko Baure.

Wasan yara da manya suka ƙwace

A ƙasashe da dama tara siffofin dainoso sha'awa ce ta manya, kamar yadda wasu a nan ke tara tsofaffin kuɗi ko kiwon tattabaru. Akwai kamfanonin da aka sani da wannan sana'a: Schleich na Jamus, Papo na Faransa, Safari na Amurka, PNSO na Chaina, da CollectA. Kamfanin Mattel kuma shi ke fitar da na fim ɗin Jurassic World tun 2018. Masu tarawa sukan raba kayan gida biyu. Akwai na fim, wanda burinsa ya yi kama da abin da ka gani a allo. Akwai na ilimi, wanda aka sassaƙa bisa ƙasusuwan da masana suka tono. Kowanne da mutanensa. Inda ake cutuwa shi ne a sayar maka da na fim, ko jabu, da sunan na ilimi.

Masu cin nama su ne suka fi kasuwa, a cikinsu kuma T. rex ne sarki. Sai dai T. rex ɗan Arewacin Amurka ne, ya rayu tsakanin shekaru miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce. Namu na gida fa?

Maƙwabtanmu na da nasu

Ka hau mota daga Daura ka bi ta Mai'adua ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka wuce Matamaye da Damagaram, ka miƙe arewa ta Tanut har Agadas. Yankin da ka shiga yana cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A hamadar Tenere akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aikin tono tun shekarun 1960. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya riƙa zuwa da tawagarsa. Yau rairayi ne iya ganinka, amma sama da shekara miliyan 100 da suka wuce koguna ne da dazuzzuka.

Ga sunayen da ya kamata ka riƙe. Afrovenator, ma'anarsa mafaraucin Afirka, an tono shi a 1993 a yankin Agadas, tsawonsa ya kai kimanin mita 8. Suchomimus, wato mai kwaikwayon kada, an same shi a Gadufawa a 1997 aka raɗa masa suna a 1998: tsawonsa kusan mita 11, bakinsa dogo siriri da haƙora sama da 100 na kamun kifi, ga wani farce mai lanƙwasa kamar lauje a babban yatsansa, mai tsawon kusan santimita 30. Rugops, mai yamutsattsiyar fuska, an bayyana shi a 2004. Kryptops da Eocarcharia kuma a 2008. Duk waɗannan masu cin nama ne, duk kuma daga Nijar.

Abin daɗin shi ne kamfanoni sun riga sun yi su. Safari da PNSO da Mattel duk sun fitar da Suchomimus, CollectA kuma ya yi Afrovenator da Rugops. Ke nan yaro a Jamus yana wasa da dabbar da aka tono a ƙasar Agadas, kai kuma da kake cin kasuwa ɗaya da 'yan Nijar ba ka taɓa jin sunanta ba. Wannan kam abin a sake tunani ne.

Mu Daurawa ba baƙin labarin manyan halittu ba ne. Kowa ya san macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Abzinawa ma suna da tasu tatsuniyar wata halitta mai suna Jobar, wadda suke dangantawa da manyan ƙasusuwan da suke gani a daji, daga nan aka samo sunan Jobaria, wani ƙaton dainoso mai cin ganye. Bambancin kawai shi ne ƙashin Jobaria ana iya auna shi da tef.

Yadda za ka auna abin da ke hannunka

Fara da hannu. Dainoso mai cin nama ba ya iya kifa tafin hannunsa ƙasa kamar mai danna kwamfuta, domin ƙasusuwan damtsensa ba sa juyawa haka. Tafukansa suna kallon juna ne, kamar mai shirin tafi. Idan ka ga hannaye sun laɓe ƙasa kamar na zomo, ka san mai sassaƙar fim ya bi. Sai ka ƙirga yatsu: T. rex biyu gare shi a kowane hannu, Suchomimus da Allosaurus uku.

Na biyu, wutsiya da tsayuwa. Tsofaffin zane-zane suna nuna dabbar a miƙe tana jan wutsiya a ƙasa. Masana sun daɗe da barin wannan. Gadon baya a kwance yake, wutsiya a sama tana daidaita nauyin kai, kamar ma'aunin sikeli. Je ka kalli zakara ko zabo yana tafiya, za ka gane. Ba wasa nake ba: masana sun tabbatar tsuntsaye daga zuriyar wannan rukuni suka fito. Ƙafar kaza mai yatsu uku a gaba ita ce darasinka na farko. Shi ya sa sunan kakan ƙadangare da wasu ke kiran dainoso da shi bai cika daidai ba, ko da yake kalmar da Richard Owen ya ƙirƙira a 1842 ma'anarta ƙadangare mai ban tsoro.

Na uku, gashi da fata. Velociraptor ɗin da fim ya nuna maka da girman mutum da fata irin ta kada, a gaskiya bai wuce talotalo a tsayi ba, tsawonsa da wutsiya kusan mita 2. A 2007 aka gano alamun mazaunin fuka-fukai a ƙashin hannunsa da aka tono a Mongoliya. Don haka Velociraptor tsirara na fim ne. Haka Dilophosaurus mai buɗe lema a wuya yana tofa dafi: fim ɗin Jurassic Park na 1993 ne ya yi masa wannan lemar, babu ita a ƙasusuwansa.

Na huɗu, baki. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna akwai yiwuwar T. rex da danginsa suna da leɓɓa masu rufe haƙora, kamar damo ko guza. Har yanzu masana na muhawara, don haka mai leɓe da marar leɓe duk suna da masu kare su. Kada ka yi faɗa da kowa a kan wannan.

Na biyar, ma'auni. Masu tarawa da yawa suna son 1:35, wato kowane santimita ɗaya a roba yana wakiltar 35 a dabbar gaske. A haka Suchomimus mai mita 11 zai zama kusan santimita 31, T. rex mai mita 12 ya zama 34, mutum kuma kusan 5. Idan ka jera su a ma'auni ɗaya sai ka ga girman kowa da idonka.

Darasin Spinosaurus

Babu wanda ya wahalar da masu tarawa kamar Spinosaurus, ɗan'uwan Suchomimus mai tanƙwararren tozo a baya. An tono shi a Masar a 1912, Bajamushe Ernst Stromer ya ba shi suna a 1915, sannan bom ya ragargaza ƙasusuwan a birnin Munich a watan Afrilun 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekaru da dama sai zane da hoto aka dogara da su. A 2001 fim ɗin Jurassic Park III ya nuna shi da dogayen ƙafafu yana karya wuyan T. rex, alhali miliyoyin shekaru da teku sun raba su. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa, bisa sababbin ƙasusuwa daga Maroko, suka ce ƙafafunsa na baya gajeru ne. A 2020 suka nuna wutsiyarsa mai faɗi ce kamar filafilin kwalekwale. Don haka idan ka ga Spinosaurus na roba, wutsiyarsa za ta gaya maka zamanin da aka yi shi. Tsohon bai zama shara ba, shaida ce ta abin da aka sani a lokacinsa.

Ka kuma sani ba duk abin da ke cikin leda ne dainoso ba. Masu fiffike irin su Pteranodon dangi ne kawai. Sarcosuchus, ƙaton nan na Gadufawa, dangin kada ne. Goronyosaurus, wanda ya samo sunansa daga Goronyo ta Jihar Sakkwato, dabbar teku ce daga zamanin da ruwa ya rufe yankin.

Jabu, lafiya da zafin rana

Yawancin abin da ke shigowa kasuwanninmu kwafi ne na kayan manyan kamfanoni. Kifa dabbar ka duba cikinta: na asali yakan zo da sunan kamfani da sunan dabbar a jiki. Duba layin haɗi, na jabu yakan yi kaifi. Goga fentin da ɗan yatsa mai laima, idan ya biyo ka, ajiye. Idan warin roba ya buge ka tun daga leda, shi ma ajiye. Wannan ya wuce maganar ado, domin fenti marar inganci yana iya ɗauke da dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara, ƙananan gutsattsari kuma suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Mai saya ta intanet kuma ya nemi bidiyon kayan a hannun mai sayarwa kafin ya tura ko sisi. Hoton talla kowa na iya saukewa.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu roba na laushi, ƙafa ta lanƙwashe, dabba ta kife. Kada ka bar ta a taga ko cikin mota. Idan ta riga ta lanƙwashe, tsoma ƙafar a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka miƙar da ita, ka tsoma a ruwan sanyi. Ƙurar hunturu kuma tsohon buroshin haƙori mai laushi ya ishe ta.

Na san wani zai ce, to, ina hukuncin ajiye siffofi a gida? Tambaya ce mai kyau. Malamai da dama sun sauƙaƙa a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisan da suka ambaci kayan wasan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Babba ya jera su don ado kuwa magana ce da ke da saɓani da tsanani. Wannan fili ba na fatawa ba ne. Ka tambayi malaminka, ka yi aiki da abin da ya gaya maka.

Roba ka saya, ba ƙashi ba

A watan Oktoban 2020 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani T. rex da ake kira Stan a kan dala miliyan 31.8. Irin wannan kuɗi ne ke sa wasu kwasar haƙora da ƙasusuwa daga hamada suna sayarwa a ɓoye. Ƙashin da aka cire ba tare da an rubuta inda aka same shi ba ya yi asarar rabin labarinsa, ƙasar da ta mallake shi kuma ta yi asarar dukansa. Idan wani ya tallata maka haƙorin dainoso na gaske, ka bar masa abinsa. Mai son ganin na gaske, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da ƙwarangwal a baje.

Idan kuma aljihu bai kai ga na kamfani ba, ba a rufe maka ƙofa ba. Mu ne fa muka tashi muna ƙera motar kara da shanun laka. Nemo hoton ƙwarangwal ɗin Suchomimus a wayarka, ka samo waya da yumɓu, ka auna santimita 31, ka gina naka da tafukan hannu suna kallon juna. Ɗauki bidiyo ka yi bayani da Hausa, domin masu yin irin wannan da harshenmu ba su da yawa. Ni da ƙanena mun gwada namu a makon jiya. Wutsiyar ta karye sau biyu, bakin kuma ya fi kama da na agwagwa, amma yanzu ko cikin barci ka tashe shi zai gaya maka inda Gadufawa take.