Ƙungiyar Ɗalibai Masu Koyon Japananci da Matsalar Rubutu

A jami'o'i da dama na duniya akan sami ƙungiyar ɗalibai wadda ke taruwa domin koyon harshen Japan da al'adunta. Irin wannan ƙungiya takan cika maƙil a makonnin farko, amma kafin zango ya ƙare sai a tarar ta ragu ƙwarai. Maƙasudin wannan ɗan bayani shi ne nuna inda gizo ke saƙar.

Ba furuci ne ke korar mutane ba. Japananci yana da wasula biyar, watau a, i, u, e, o, kuma tsawon wasali yana bambanta ma'ana: "obasan" gwaggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka. Haka nan ɗauri, domin "kite" na nufin "zo", amma "kitte" kan sarki ne na wasiƙa. Kalmar "hashi" ma, hawa da saukar murya ke tantance ko gada ake nufi ko tsinken cin abinci. Duk wanda ya saba rarrabe gari da garin tuwo, ko baba da babba, ba zai sha wuya a nan ba. Ginin jimla ne kaɗai zai ɗan ba shi mamaki, saboda aikatau yakan zo a ƙarshe, bayan aikau da karɓau.

Rubutu shi ne babban dutsen. Iri uku ake cuɗawa cikin jimla ɗaya. Hiragana da katakana kowanne yana da alamomi na asali 46, yawancinsu masu wakiltar gaɓa, kuma mai himma zai haddace su cikin 'yan makonni. Na ukun, kanji, daga Sin aka aro shi. Kowace alama ma'ana take ɗauke da ita, kuma sau da yawa tana da karatu fiye da ɗaya. A 1946 gwamnatin Japan ta ware 1,850 domin amfanin yau da kullum, aka mai da su 1,945 a 1981, sannan 2,136 a 2010. Yaron Japan kansa shekara shida yake yi a firamare kafin ya kammala kimanin dubu guda.

A daidai nan ne ƙungiyoyi da yawa ke zamewa. Sai a koma rubuta Japananci da baƙaƙen boko, taro ya zama na kallon fim da shan shayi. Ba laifi ba ne, sai dai ɗalibin da ya tsaya nan ba zai iya karanta rubutun Japananci na yau da kullum ba. Jarrabawar ƙwarewa da aka fara a 1984, wadda ke da matakai biyar tun 2010, ko matakinta na ƙasa yana buƙatar kanji.

Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan shigo da al'adar ta ƙofar rubutun. Alal misali "shodo", watau fasahar rubutu da buroshi da tawada, yana tilasta wa mai koyo bin jerin zanen kowace alama daki-daki, har hannu ya riƙe abin da ido ke mantawa.