Sankarar Hanta: Abin da Aska da Rumbu Ke Ɓoyewa

Cikin cututtukan da ke ɗauke magidanta a Afirka ta Yamma, kaɗan ne suka kai sankarar hanta iya ɓuya. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, yana harkar kasuwarsa, sai ya soma jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Abinci ya fita ransa, ya rame, ciki ya kumbura, wani lokaci idanu su yi ɗorawa irin na mai shawara. Dangi su ce sammu ne ko jifa, a shiga neman makari, alhali kuwa ciwon ya yi shekara 20 ko 30 yana haƙa raminsa.

Babban tushensa wata ƙwayar cuta ce wadda likitoci ke kira ciwon hanta nau'in B. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta cikin jini, har aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta. Jariri kuwa, cikin 10 da suka kamu, kamar 9 takan zauna musu har iyakar rai, tana cin hanta sannu sannu ba tare da wata alama ba, har hantar ta ƙandare, kana sankara ta tsiro.

Ta jini take bi, da wajen haihuwa daga uwa zuwa ɗa, da saduwa tsakanin namiji da mace. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko gumi, ko ci a kwano ɗaya, saboda haka masu ware wa mai ita kwanonsa dabam sun zalunce shi a banza. Aska ce abin tsoro. Ƙwayar tana iya yin kwana 7 da rai cikin busasshen jini, gogawa a tsumma ko a tafin hannu ba ta kashe ta. To, mai karatu ya dubi wanzamin da ke kaciya da ƙaho da cire belu da kayan aiki ɗaya, da mai yankan farce da ke bin rumfunan kasuwa, da ranar da ake jera almajirai a aske su da reza guda. Kuɗin sabuwar reza ga kowane kai bai kai na goro ba.

Tushe na biyu ya shafi 'yan kasuwa. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika, sai aka tarar da wani dafi, aflatoksin, wanda wata irin funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in fari ya buge su a gona, ko an zuba su a buhu da sauran danshi. Dafuwa ba ta kawar da shi, suya ma haka. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu don cin irin wannan masara. Kaɗan kaɗan da ake ci kullum kuwa hanta yake lahantawa, in ya haɗu da nau'in B haɗarin ya riɓanya ƙwarai. Maganinsa a shanya amfani bisa tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a ɗora buhuna bisa katako nesa da bango, a tsince baƙar ƙwaya da ruɓaɓɓiya a zubar. Amma fa ɗan kasuwar da ya tsince ta, sa'an nan ya sayar wa masu ƙuli-ƙuli da araha, bai zubar ba, cikin 'ya'yan talakawa ya juye ta.

Giya ma tana ƙandarar da hanta, haka nan ƙiba mai yawa da ciwon sukari. Akwai kuma nau'in C, wanda aka gano a 1989. Shi ba shi da rigakafi, amma ƙwayoyi na mako 8 zuwa 12 suna warkar da shi.

Nau'in B yana da allurar rigakafi. Taiwan ta soma yi wa jarirai a 1984, sankarar hanta ta ragu cikin yaranta a fili. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004, watau yawancin waɗanda suka girmi wannan shekara ba a yi musu ba. Ta farko ana son jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira suna, balle arba'in. Babba sai a gwada jininsa tukuna, in babu ƙwayar a yi masa allura 3 cikin wata 6.

Wanda aka same shi da ita kuwa, akwai ƙwayoyi irin su tenofovir masu danne ta, ko da yake ba su fid da ita duka. Likita ne mai faɗin wanda ya kamata ya sha. Jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha wahala kawai suke ƙara wa hantar da ta gaji. Wanda likita ya ga yana cikin haɗari, ana duba hantarsa da na'urar hoton ciki duk bayan wata 6, gama ƙari in yana ƙarami ana iya yanke shi, ko a ƙone shi ta hanyar tsira masa allura mai zafi, ko a toshe jijiyar da ke kai masa jini, wasu ma a yi musu dashen hanta. In ya riga ya bazu, abin da ya rage shi ne magungunan jinkirta shi da na sauƙaƙa zogi.