Layin Dogo da Tarihin Gombe: A Tattara Tun Shaidu Suna Raye

Idan ana lissafin shekarun biranen sarauta na Arewa, Gombe tana cikin na baya-bayan nan. Kano da Katsina da Zariya suna maganar ɗaruruwan shekaru, ga ganuwa ga ƙofofi suna ba da shaida. Birnin Gombe da muka sani yau kuwa sai a 1919 ya zama mazaunin sarki. Wannan ne ya sa wasu ke ganin garin ba shi da wani tsohon abu da ya cancanci a adana. Alhali kuwa ƙuruciyar garin dama ce da tsofaffin birane suka daɗe da rasawa, domin yawancin abin da ya mayar da Gombe babban gari ya faru ne a idon mutanen da har yanzu wasunsu suna nan da ransu. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tashar jirgin ƙasa.

Hedikwatar da ta yi ƙaura sau biyu

Masarautar ta girmi birnin nesa ba kusa ba. Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Ya yi mazauninsa a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola, a ƙasar Dukku ta yau, kuma can kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1841. Turawan Ingila sun shigo ƙasar a 1902. A watan Yulin 1903 aka gwabza yaƙin Burmi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin mabiyansa. Bayan haka Turawa suka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, sannan a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka sake tasowa zuwa Doma, wadda ta gaji sunan Gombe.

Wannan ɓangare na tarihi, na sarakuna da yaƙe-yaƙe, ya sami masu kula. Fada tana riƙe da jerin sarakunanta, maroƙa suna riƙe da kirari, masana kuma sun rubuta. Wani Bature mai suna Victor Low ya zauna da dattawan Gombe da Katagum da Haɗeja, ya ɗauki abin da suka gada a baki, ya fitar da littafi a 1972. Da bai yi ba a lokacin, da yawancin abin da waɗannan dattawa suka sani ya bi su kushewa. Abin da bai sami irin wannan gata ba shi ne tarihin talakan da ya zo Gombe neman abinci: manomin auduga, ɗan dako, dillali, lebura, mai tuwo-tuwo a bakin tasha.

Auduga ta kira, jirgi ya amsa

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Amma ƙasar Bauci da Gombe da Borno ta zauna ba dogo har bayan samun 'yancin kai. A wannan tsakani noma ya bunƙasa a kudancin masarautar Gombe. Jama'a suka riƙa kwararowa daga sassa daban-daban na Arewa, suna sare daji suna kafa tunga, musamman wajajen Kumo da Akko, saboda baƙar ƙasar da auduga ke so. Mary Tiffen, wata Baturiya mai binciken tattalin arziki, ta rubuta littafi sukutum a kan ƙwazon manoman Gombe daga 1900 zuwa 1968. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a Gombe cikin shekarun 1950, kuma har gobe akwai unguwar da ake kira da sunansa, ko da yake yara da yawa da aka haifa a cikinta ba su san mafarin sunan ba.

Auduga da gyaɗa kaya ne masu cin wuri, ga nauyi, ga nisan teku. Manyan motoci a kan hanyoyin wancan zamani ba su iya kwashe su a kan kari, musamman da damina. Wannan ne ya sa aka ƙudurta jan dogo daga Kuru, kusa da Jos, har zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 640. A 1958 Bankin Duniya ya ba Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rance na farko da bankin ya taɓa ba ƙasar nan. A lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne firayim minista, kuma kafin nan shi ne ministan sufuri. Dogo ya isa Bauci a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Shi ne dogon layi na ƙarshe da aka shimfiɗa da tsohon ma'auni, mai faɗin milimita 1,067.

Da isowar jirgi Gombe ta haɗu da teku. Dilar auduga da aka loda a tashar Gombe tana iya bi ta Kuru da Kafanchan da Makurɗi da Inugu ta sauka Fatakwal, ko ta karkata daga Kafanchan zuwa Kaduna, inda masaƙu ke jiranta, ko ta zarce Legas. Taragun da suka tafi da amfanin gona kuma ba su dawowa wofi: gishiri, kananzir, siminti, kwanon rufi da atamfa duk ta nan suka riƙa shigowa. Tare da kaya mutane suka zo. Ma'aikatan reluwe daga kudu da tsakiyar ƙasa suka zauna a kwatas, 'yan kasuwa suka buɗe shaguna, aka gina coci kusa da masallaci, yara masu harsuna daban-daban suka tashi suna Hausa ɗaya. Gomben da aka sani da haɗa kowa da kowa, wadda ta kai ga zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, tana da babban bashin da tashar jirgi ke bin ta.

Yadda ƙarar jirgi ta ɗauke

Layin bai daɗe yana cin moriyarsa ba. Shekara uku da isowarsa Gombe rikicin 1966 ya ɓarke, ma'aikata 'yan yankin Gabas suka koma gida, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya datse hanyar Fatakwal. Bayan yaƙi fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta karya noman gyaɗa a Arewa. Kuɗin man fetur ya karkata hankalin gwamnati ga tituna, tireloli suka ƙwace dakon kaya. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, ya ɗan riƙe layin da kaya, amma bai hana lalacewa ba. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, daga baya masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kan jirgi ya tsufa ba kayan gyara, albashi da fansho suka riƙa makara, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, har aka daina sa ran jin ƙahonsa.

An yi yunƙurin farfaɗowa. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon fiye da kilomita 1,400, wanda ya ratsa Gombe. Kowa yana fatan aikin ya iso. Amma a nan ne ya kamata mai kishin tarihi ya buɗe ido, domin sabon aiki yakan zo da katafila. Ɗan kwangila an biya shi ne ya gina sabo, ba a biya shi ya tsaya tantance tsohon sikeli ko allon sunan tasha ba. Abin da shekarun sakaci suka bari, mako guda na rusau yana iya gamawa da shi.

Akwai kuma masu ci tun yanzu. Sace ƙarafan dogo a sayar wa 'yan gwangwan ya zama ruwan dare a jihohi da dama. Filin da ke gefen layi ana cinye shi da shaguna da gine-gine kaɗan-kaɗan. Zaizayar ƙasa, wadda mutanen Gombe suka san ɓarnarta sarai, ba ta barin gada ko kwalbati. Takardu kuwa gara da ɗigar rufi da ɓera sun ishe su.

Abin da ya kamata a ceto, da jerin gaggawarsa

Na farko mutane ne. Yaron da yake ɗan shekara goma ranar da jirgi ya fara tsayawa a Gombe yau ya haura saba'in. Saurayin da aka ɗauka aikin reluwe a lokacin ya haura tamanin. Direbobi, masu duba tikiti, masu juya layi, leburorin da ke bin dogo da ƙafa suna duba kusoshi, 'yan dakon da suka yi lodin auduga, matan da suka yi sana'ar abinci a tasha, duk suna ɗauke da abin da babu shi a kowane fayil: nawa ne kuɗin jirgi zuwa Jos, kwana nawa ake yi kafin Fatakwal, yadda ake samun tarago lokacin kaka, waɗanne unguwanni ne suka tsiro saboda tasha. Ɗaukar muryarsu ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Wayar hannu ta isa, muddin an nemi izinin dattijo, an rubuta sunansa da ranar hira da wurin da aka yi ta, an kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa, Hausa ko Fulatanci ko Tera ko Tangale ko Bolanci, a fassara daga baya. Ƙungiyar 'yan fanshon reluwe ita ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga.

Na biyu takardu da hotuna. Rajistar kaya, jadawalin jirgi, tsofaffin tikiti, katin shaidar aiki, hoton da aka ɗauka a bakin tasha ranar rakiyar amarya ko mahajjaci: irin waɗannan suna cikin akwatunan gidaje, magada na ganin su tarkace. Ba lallai ne iyali su rabu da su ba. A ɗauki hotonsu da kyau a mayar musu da abinsu. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin Lardin Bauci, wanda Gombe take ƙarƙashinsa a zamanin Turawa, Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, ma yana nan Kaduna. Samo kwafin abin da ya shafi Gombe a kawo shi gida aiki ne da Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, ta 2011, za su iya ɗauka. Ɗaliban tarihi da ke neman abin rubutawa a shekarar ƙarshe ga fage a ƙofar gidansu.

Na uku gini da ƙarfe. Nan ne ake buƙatar hukuma, domin tasha da filinta mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wato gwamnatin tarayya. Jiha ko masarauta ba za su taɓa ba sai da yarjejeniya. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da hurumin sa wuri cikin jerin abubuwan da doka ta hana rusawa. Matakin farko shi ne ƙidaya: a zaga tasha da kwatas a rubuta abin da ya rage, a ɗauki hoto, a auna. Abin da ba a rubuta ba, in ya ɓace ba mai iya cewa an yi sata.

An yi a wasu wurare

Wannan ba mafarki ba ne. A Ebute Metta ta Legas akwai wani gidan ma'aikatan reluwe da aka gina a 1898, ana kiransa gidan Jaekel. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ta haɗa hannu da Hukumar Jiragen Ƙasa aka gyara shi a 2010, ya zama ƙaramin gidan tarihi da 'yan makaranta ke ziyarta. A Nairobi ta Kenya an buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa tun 1971, a gefen tasha. A Kano, Gidan Makama ya nuna yadda tsohon gini ke rayuwa idan an ba shi sabon aiki. Gini da aka kulle aka bari shi ne ke faɗuwa. Wanda ake shara ana shiga ana fita yakan daɗe.

Gombe ba ta buƙatar katafaren gini. Ɗaki biyu a cikin tasha ko gida ɗaya a kwatas, da tarago guda da aka yi wa fenti aka ajiye a gefe, sun isa mafari. A jera hotuna, a sa muryoyin dattawa mai ziyara ya saurara, a zana taswirar da za ta nuna wa yaro hanya daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa zuwa Doma, da hanyar auduga daga Kumo zuwa teku. Daga nan makarantu sai su haɗa ziyara: tasha, fada, filin Burmi, kabarin Buba Yero. Attajiran da kakanninsu suka yi arziki da auduga da gyaɗa su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin farko.

Gyaran gini zai jira sa hannun Abuja, kuma wannan yana iya ɗaukar shekaru. Hira da dattijo ba ta jiran kowa. Duk wanda yake da kaka ko maƙwabci da ya yi aikin reluwe, ko ya yi dako ko fatauci a tashar Gombe, ya ɗauki wayarsa ya je gaishe shi a wannan makon, ya tambaye shi yadda abin yake, ya kuma bar shi ya faɗa har ya gama.