Kajuru: Yaƙin da ya saura a zuci

Ranar 18 ga Oktoban 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru, inda 'yan sanda suka ce mutum 55 sun rasa rayukansu. Ƙura ta lafa, kasuwa ta koma ci. Sai dai zuciyar da ta ga jini ba ta saurin mantuwa. Takan yi ta maimaita wa mai ita cewa duk wanda ba nasa ba maƙiyi ne.

A shekarun 1960 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa irin wannan tunani yakan faɗo wa mutum ba da niyyarsa ba, ya ɗauki abu guda da ya faru ya yi wa kowa kuɗin goro. Maganin da ya tsara shi ne mutum ya tsayar da tunanin ya tuhume shi: ina hujja? Ba wanda ya saɓa wa wannan hukunci?

Jihar Kaduna tana da nata misalin. A tarzomar da ta biyo bayan rikicin Zangon Kataf a 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna. Duk da haka Wuye ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna tafiye-tafiye tare, yana saƙa yadda zai hallaka abokin nasa. Tunanin ya zo, bai bi shi ba, har ya dushe.

Wannan darasi ya shafi ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja, hankalinsa na Kajuru ko Kafanchan. Hoton gawa ya shigo wayarsa ta WhatsApp, zuciya ta yanke hukunci kafin ya san daga ina hoton ya fito. In ya tura wa dangi, ya ƙara wa wutar itace.

Wanda kuwa tunani ya hana shi barci da aiki, neman likita ba abin kunya ba ne. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta haramta nuna wa masu wannan larura wariya.